Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinonin Muhalli Na Jigawa Da Yobe Kan Sheƙunan Tsuntsayenmu

Masu girma Kwamishinoni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin makaranta ne. A wani ƙauye da ke bakin fadamar Haɗeja da Nguru aka haife ni, a yankin kuma na yi kusan duk shekarun aikina. Na haɗa ku a takarda ɗaya ne domin ruwan da ya taso daga Haɗeja bai san iyakar Jigawa da Yobe ba, kuma tsuntsun da ya kwana a fadamar Baturiya ta Jigawa yana iya zuwa kiwo tafkin Dagona na Yobe kafin hantsi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar sheƙa ce: inda tsuntsayenmu ke saka ƙwai, da lokacin da suke sakawa, da abin da zafin da ke ƙaruwa yake yi wa 'ya'yansu.

A bayan masallacin garinmu akwai wata tsohuwar kuka. Tun ina yaro, idan bazara ta yi nisa, wata safiya sai mu tashi mu tarar shamuwa ta sauka a kanta, ta fara jidar ƙirare. Ranar nan dattawa kan ce a fito da iri a duba, a ƙarasa sharar gona, ruwa ya kusa. Yaron da ya jefi shamuwa kuwa, kowane babba a gari yana da ikon hukunta shi. Daga baya ne na san tsawon tafiyar da take yi kafin ta iso mana. Idan damina ta ƙare a nan, sai ta bi ruwa zuwa gabashi da kudancin Afirka, har su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, amma a wajenmu take dawowa ta haihu. Ƙwai biyu ko uku take sakawa, ta yi kamar wata guda a kwance a kansu, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi. Duk lissafinta a kan abu ɗaya ya dogara, wato 'ya'yan su ƙyanƙyashe daidai lokacin da ciyawa ta tsiro, fara da tsutsa suka yawaita.

A wata shekara cikin 'yan shekarun nan, an yi ruwan farko, aka yi shuka, sai sama ta ɗauke. Na zauna a gindin kukar nan bayan azahar ina kallon wata sheƙa da ke reshen ƙasa. Uwar ta juya wa rana baya, ta ɗan buɗe fukafukanta kamar laima, 'ya'yan suna ƙarƙashinta baki a buɗe, maƙogwaronsu na rawa. Ƙafafunta sun yi fari fat, domin shamuwa kan zubo kashinta a kan ƙafafu don ta sami sanyi. Ta fi awa biyu a haka ba ta motsa ba. Duk tsawon wannan lokaci ba ta je neman abinci ba, mijin kuma da ya dawo bai kawo abin a zo a gani ba, tun da babu fara a busasshiyar gona. Bayan kwana uku yara suka kawo mini ɗaya daga cikin 'ya'yan, sun tsince shi a ƙasa, ba nauyi ko kaɗan, kamar tsumma. Na san tsuntsu ɗaya ba hujja ba ne. Amma tun ranar na kasa daina tambayar kaina sheƙa nawa ce ta ƙare haka a faɗin jihohinku biyu, kuma wa ya rubuta.

Ranku ya daɗe, tsuntsu ba ya gumi. Jikinsa ya fi namu zafi, yana kai wa digiri 40 zuwa 42, idan rana ta tsananta kuma haki kawai yake yi, hakin nan yana ƙarar masa da ruwan jiki. Ƙwai yana son zafi kamar digiri 37 zuwa 38, idan ya daɗe sama da 41 ɗan da ke ciki ya mutu. A Nguru da Gashuwa da Haɗeja, zafin watan Afrilu da Mayu yakan wuce 40 a inuwa, balle a kan rairayi. Shi ya sa za ku ga zakaran ƙeƙuwa, wanda a ƙasa yake saka ƙwansa kusa da ruwa, yana zuwa ya jiƙa gashin cikinsa ya dawo ya rufe ƙwan, ba don ya ɗumama shi ba, don ya sanyaya shi. Tsuntsayenmu sun daɗe da dabarun zama da zafi, sai dai kowace dabara tana da iyaka, kuma sun riga sun kusa bakin iyakar. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya zuwa lokacin, kuma a farkon Afrilun shekarar aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wanda yanayinsa bai bambanta da namu sosai ba.

Akwai inda aka zauna aka auna abin da irin wannan zafi ke yi wa sheƙa. A hamadar Kalahari ta Afirka ta Kudu akwai wata cilakowa mai rawayan baki, 'yar'uwar tamu. Kun san al'adar cilakowa: macen takan shiga kogon itace, a toshe ƙofar da laka a bar 'yar tsaga, ta zauna a ciki ta zubar da gashinta, namijin ne ke kawo mata abinci ita da 'ya'ya ta wannan tsagar. Masu bincike sun bi sheƙunanta daga 2008 zuwa 2019. A farkon shekarun, kashi 58 cikin ɗari na sheƙunan da aka fara suna fitar da ɗa ko da ɗaya ne. A ƙarshen shekarun, kashi 17 ne kacal. Kuma ba su ga sheƙa ko ɗaya da ta yi nasara ba idan matsakaicin zafin rana a lokacin renon ya wuce digiri 35.7. Dalilin a fili yake. Namiji yana haki a inuwa, bakin da zai kama ƙwaro da shi a buɗe yake, ya rame, abincin da yake kaiwa ya ragu, macen kuma tana kulle a kogon da ya zama tanda. Manyan ba su faɗi matattu a fili ba, suna nan suna kukansu a kan reshe, wanda ya wuce sai ya ce lafiya lau. 'Ya'yan ne babu. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali, domin irin wannan asara ba ta nuna kanta sai tsofaffin sun ƙare, a wayi gari daji ya yi tsit. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A Turai abin ya zo ta wata fuska, ta fuskar lokaci. A Ingila, tun 1939 masu sha'awar tsuntsaye, malamai da manoma da 'yan fansho, suke rubuta ranar da suka ga ƙwan farko a sheƙa su aika wa wata cibiya. Da aka tattara takardun 1971 zuwa 1995, aka ga iri 20 cikin 65 sun matso da saka ƙwansu gaba da kusan kwana tara, saboda sanyin ƙasar yana saurin wucewa. A wani daji kusa da Oxford, inda ake bin wani ɗan tsuntsu mazaunin wurin tun 1947, an ga ya matso da nasa da kimanin mako biyu, ya bi tsutsar da yake ciyar da 'ya'yansa da ita, wadda ita ma ta riƙa fitowa da wuri. Shi yana gida, yana jin sauyin a jikinsa. Wanda ya shiga uku shi ne matafiyi. Akwai wani ɗan tsuntsu baƙi da fari mai cafke ƙwari a iska, a nan Afirka ta Yamma yake cin rani, ya koma Turai ya haihu. Daga nan ba shi da hanyar sanin cewa itatuwan Holan sun yi toho da wuri. Yakan tashi a lokacin da kakanninsa suka saba, ya isa ya tarar kakar tsutsa ta wuce. A dazukan Holan da tsutsar ta fi saurin fitowa, yawansa ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari a cikin kamar shekara 20. Idan na karanta wannan, shamuwar bayan masallacinmu nake gani, wadda ta taso daga Tanzaniya bisa alƙawarin damina, daminar kuma ta saɓa.

An kuma duba tsuntsayen Turai a dunƙule daga 1990 zuwa 2008, aka ga masu son ɗumi suna ƙaruwa, masu son sanyi suna ja da baya zuwa arewa. Zafin ya matsa arewa da kilomita 249, taron tsuntsayen kuwa kilomita 37 kawai ya matsa. Ko su da ke da wurin gudu, zafin ya tsere musu. To mu fa? Tsuntsun Faransa idan ya yi arewa sanyi zai tarar. Tsuntsun Machina ko Maigatari idan ya yi arewa, Sahara ce a gabansa. Mafakarsa biyu ce rak, inuwar itace da bakin ruwa, kuma dukansu biyun suna cikin abin da ofisoshinku ke da ta cewa a kai.

Na kawo misalan Turai ne don ku ga yadda suka sani. Ba da wata na'ura mai tsada suka fara ba, da fensir da takarda ne. A 1969 masu ƙidayar Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari a shekara ɗaya, da aka bi sawu sai aka gano ƙarancin ruwan sama a yankinmu na Sahel ne ya halaka shi. Wato littafin ƙidayar wata ƙasa ya ga alamar farin da ke tafe mana kafin yunwar 1973 ta iso. Mu ma ana ƙidaya a fadamarmu, ban musanta ba. Duk watan Janairu akan fito a ƙirga tsuntsayen ruwa, kuma aiki ne mai kyau. Darajar wurin ta sa mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci ya zo Dagona a 1989, tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar, ta kare fadamu masu muhimmanci a duniya, a 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. An rubuta tsuntsaye sama da iri 370 a yankin. Amma ƙidayar Janairu ta hunturu ce, lokacin da agwagin Turai suka cika tafki. Baƙi muke ƙirgawa. 'Yan gida, su shamuwa da dinya da kirinjijiya da cilakowa da balbela, yawancinsu da damina ko gab da ita suke haihuwa, lokacin da hanya ta lalace, motar ofis ba ta shiga, masu kyamara sun koma birni.

Bari in koma kan ruwa, don a nan ne zafin sama da aikin hannunmu suka haɗu. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974, ambaliyar shekara kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadamar nan. Bayan Tiga, da farin 1983 da 1984, da madatsar Challawa a 1992, an yi shekarun da ba ta kai 1,000 ba. Ban zo in zagi madatsun ba. Kano na shan ruwansu, manoman rani na Kadawa na ci da su. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. A da ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya malale, ya janye da rani ƙasa ta bushe. Yanzu yana tsiyaya duk shekara, kuma wannan shi ne abin da kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse shekara da shekaru, wani wuri ruwa ya daina zuwa sam. Dinya da kirinjijiya a cikin ciyawar da ruwa ya fara taɓawa suke ɓoye ƙwansu. Idan ruwan ya makara babu mafaka, idan ya zo gaba ɗaya cikin dare kamar na 2022, sheƙa ta tafi tare da gonar shinkafa. Masana sun nuna manyan guguwar ruwa a Sahel sun ninka sau uku daga 1982, kuma kowa a nan ya ga yadda iska ɗaya ke sauke rassan da ke ɗauke da sheƙuna. Gauraka kuwa, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasarmu, wadda a jiƙaƙƙiyar ciyawa take haihuwa, jikokina a hoto kawai suka san ta. Kamu da sayarwa sun taimaka wajen ƙarar da ita, bushewar fadama ta ƙarasa sauran.

Wanda ya ci riba shi ne jan-baki. Shi ba ya jiran wata takamaiman rana, duk inda ruwa ya sauka ciyawa ta yi ƙwaya nan zai kafa sansani ya hayayyafa, kacala kuma ta ba shi makwanci da ba mai iya shiga. Na ga yara sun bar aji suna wuni a gona da gwangwani da majajjawa, na ga magidanci ya tsaya a gonar da aka cinye ya rasa ta cewa. Don haka ba zan ce kada a yi feshi ba. Roƙona shi ne a san abin da ke kwana a wurin kafin jirgi ya tashi, domin maganin da ake fesa wa jan-baki ba ya tambayar sunan tsuntsu, kuma shaho da shirwar da suka ci gawar su ma sukan mutu. Haka sauyin yake tafiya a hankali, masu cin fara da tsutsa suna raguwa, mai cin hatsi yana ƙaruwa, manomi ne ke biyan kuɗin ta fuska biyu.

Sai itace. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, ana raba darbejiya da turare, don suna saurin girma kuma akuya ba ta cika damunsu ba. Darbejiya ta yi mana rana, a inuwarta muke zama, shamuwa ma kan yi sheƙa a kanta. Amma masu binciken da suka bi itatuwan Sahel ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kai sun tarar darbejiya da turare kusan fayau suke, ba ƙwarin da tsuntsu zai ci, alhali gawo da bagaruwa da aduwa da sauran masu ƙaya cike suke. Gawo kuma da rani yake ganye, daidai lokacin da ake neman inuwa ido rufe. Sannan cilakowa da mujiya kogo suke buƙata, kogo kuwa sai itacen da ya tsufa. Tsohuwar kuka ɗaya da aka sare, ko tsamiyar da aka mayar gawayi, dashe dubu ba zai maye gurbinta ba a zamanin jikokinmu. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya tun shekarun 1980 da abin da suke kira sassaben zamani, wato manomi ya bar tohon da ya fito da kansa a gona, ya gyara shi ya rene shi, har aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5. Harshenmu ɗaya da su, ƙasarmu iri ɗaya, tsakaninmu tafiyar yini ce. Ina roƙonku, a cikin kuɗin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace da na Babbar Ganuwar Itatuwa, a ware wa gawo da aduwa da bagaruwa kaso na gaskiya, a kuma sa masu unguwanni da dagatai su rubuta kowane tsohon itace da tsuntsaye ke haihuwa a kansa, a hana taɓa shi ko da hanya za a fitar.

Maganar sakin ruwa daga madatsu na san ba a hannunku take ba, ta Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce. Amma jihohinku na cikin shidan da suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe a Damaturu a 2006, kuna da kujera a teburin. Idan an zauna rabon ruwa, akwai mai magana da yawun birni, akwai na noman rani. Ina so a sami wanda zai ce a saki ruwa da damina yadda zai yi kama da ambaliyar asali, a rage tsiyayar rani da ke ciyar da kacala. Masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama abin da suke nema ke nan tun tuni, tsuntsaye kawai sun shiga sahunsu ne.

Babban roƙona dai shi ne littafin sheƙa, kuma shi ne mafi arha. A zaɓi makarantun firamare da na sakandare a Guri da Kirikasamma da Birniwa da Nguru da Bade da Jakusko, a ba malami ɗaya a kowace littafi mai layi. Ya rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka, sheƙa nawa ce a gari, a kan wane itace, 'ya'ya nawa suka tashi daga kowace, da ranar ruwan farko da ranar da shuka ta kama. Shamuwa a tsakiyar gari take, ba a buƙatar tabarau ko kwalekwale, yaro ɗan aji huɗu zai iya. A Nguru akwai tsohuwar tashar auna yanayi da za a gwada lissafin da nata. Jami'o'in Tarayya na Dutse da Gashuwa suna da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai, cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Jos kuma ta daɗe tana horar da matasanmu, har da 'yan Arewa da ke zagayawa suna rubuta tsuntsayen da suka gani a waya. Abin da ya rage shi ne hukuma ta ce wannan aikinta ne, ta riƙe shi shekara goma, ashirin, ko gwamnati ta sauya.

Idan za ku nemi goyon bayan jama'a, ku bi ta kan limamai. Mutanenmu sun san hadisin da sahabbai suka ɗauki 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a kan tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. Huɗuba ɗaya a farkon damina za ta kare sheƙunan da ma'aikacin gandun daji ba zai taɓa kaiwa gare su ba.

Ni dai na sayi nawa littafin, na ja layukan, jikana ya yarda zai riƙa hawa katangar masallaci yana leƙa mini na reshen sama. Idan kun turo wani daga ofisoshinku, ya zo tsakanin Yuni da Yuli, lokacin da 'ya'yan suka fara miƙewa a bakin sheƙa, kuma ya taho da takalmin shiga taɓo.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
daga bakin fadamar Haɗeja da Nguru.